Tambaya: A kai ƙananan yara sabon sashen da aka buɗe a wurin shaƙatawa, ko a jira cinkoso ya lafa?

Maman Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kai yara manyan wuraren shaƙatawa, irin waɗanda ake raba su sashe-sashe, kowane sashe da nasa ado da na'urorin lilo da wasanni. Wurin da muke shirin zuwa ya buɗe sabon sashe bai fi wata guda ba, kuma tun ranar da babban ɗana ya ga tallarsa ba shi da wata magana sai ita. Shekararsa shida, ƙanwarsa huɗu, sai autansu mai shekara ɗaya da rabi wanda har yanzu ba ya iya wuni ba tare da barcin rana ba. Ni da mahaifinsu ne kaɗai manya a tafiyar.

Abin da ke damuna shi ne hotunan da nake gani na layukan da mutane ke bi kafin su shiga sashen, domin na san 'ya'yana ba za su iya tsayuwar awa guda a wuri ɗaya ba, balle biyu ko uku. Mahaifinsu yana ganin tunda sabon abu ne, gara a je a gani tun yana sabo. Ni kuma ina tsoron mu ɓata yinin gaba ɗaya a layi, mu dawo gida da yara masu kuka. Ina so in ji daga waɗanda suka taɓa gwadawa, ko akwai hanyar da za a bi a ci moriyar wurin da yara masu waɗannan shekarun. Na gode.

Baban Tagwaye ya amsa:

Wa alaikumus salam, Maman yara. Kafin ki damu da tsawon layi, ki fara damuwa da tsawon yaranki, domin shi ne zai yanke hukuncin abin da za su iya hawa da abin da za su tsaya suna kallo. Yawancin na'urorin da ke gudu ko juyi suna da ƙa'idar tsawo, kuma ba ruwan ma'aikata da shekarun yaro ko wayonsa. Dalilin shi ne ƙarfen da ake saukowa a kan cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne don jiki mai wani girma. Idan yaro bai kai ba, ƙarfen zai kulle amma ya bar sarari, kuma ta wannan sararin ne jiki ke iya zamewa idan na'urar ta yi kwana da ƙarfi. Saboda haka roƙo ba ya aiki a nan, kuma bai kamata ya yi aiki ba.

Bari in kawo misalai daga wuraren da ƙa'idojinsu suke a bayyane, don ki ga yadda lamarin ke shafar yara irin naki. A sashen Toy Story Land da aka buɗe a Walt Disney World na jihar Florida a Amurka a shekarar 2018, ƙaramin lilon da ke juyawa yana buƙatar santimita 81, shi kuwa jirgin da ke hawa da gangara yana buƙatar santimita 97. A sashen Pandora da aka buɗe a can a 2017, babbar na'urar da kowa ke rububi tana buƙatar santimita 112, amma kwalekwalen da ke bin ruwa a hankali ba shi da ƙa'idar tsawo ko kaɗan. Akwai na'urori da yawa da iyakarsu santimita 102 ce, wasu kuma 122. To matsakaicin tsawon yaro ɗan shekara huɗu yana wajen santimita 102 zuwa 103, na ɗan shekara shida kuma wajen 115 zuwa 116. Kin ga ke nan 'yarki tana iya kasancewa daidai kan iyaka, ɗanki kuma mai yiwuwa bai kai na manya ba, kuma sau da yawa na'urar da aka fi nunawa a talla ita ce mai ƙa'ida mafi tsauri.

Shawarata ita ce ki jingina kowannensu da bango a gida, sanye da takalmin da zai saka ranar tafiya, ki auna shi, sannan ki buɗe shafin intanet na wurin ki rubuta abin da kowa ya cancanci hawa. Ki faɗa musu gaskiya tun a gida. Na taɓa ganin wani yaro ya bi layi mai tsawo har ya iso ƙofa, ma'aikaciya ta tsayar da shi ƙarƙashin sandar awo, ya miƙe wuya iya ƙarfinsa yana ɗaga dugadugansa a ɓoye, ita kuwa ta durƙusa ta dafa ƙafafunsa suka sauka ƙasa, sai ga sarari kamar faɗin yatsa tsakanin kansa da sandar. Kukan da ya yi a wurin ya fi ƙarfin mahaifinsa, kuma da an auna shi a gida da ba a kai ga haka ba. Yawanci akwai sandar awo a bakin layi tun kafin a shiga, a yi amfani da ita, amma a sani cewa ana iya sake aunawa a wurin hawa, kuma awon ƙarshe shi ne abin dogaro.

Sai batun lissafin kujeru, wanda mutane ba sa tunawa sai sun isa. Ku manya biyu ne, yara uku. Autanku ba zai hau yawancin na'urorin ba, don haka dole ɗayanku ya tsaya da shi, ɗayan ya shiga da yara biyu. Kujerun wasu na'urorin na mutum bibbiyu ne, kuma wurare irin na Disney suna da dokar cewa yaron da bai kai shekara bakwai ba sai ya hau tare da wanda ya kai shekara goma sha huɗu. Saboda haka ki tambaya tun a bakin layi yadda za a zaunar da ku. Ki kuma tambayi tsarin musanyar iyaye, wanda Disney ke kira Rider Switch, kamfanin wuraren shaƙatawa na Universal kuma Child Swap: ɗaya ya hau yayin da ɗaya ke riƙe da jariri, idan ya sauko sai su yi musanya ba tare da sake bin dogon layi ba. A wasu wuraren ana barin babban yaro ya raka na biyun, ya sami hawa sau biyu.

Tsohuwar Ma'aikaciya ta amsa:

'Yar'uwa, na yi aikin kula da na'urar lilo a wani wurin shaƙatawa, kuma ina cikin waɗanda suka yi aiki a lokacin buɗe wani sabon sashe, don haka zan faɗa miki abin da ake gani daga ɓangarenmu. Idan da hali, ki jira. Wata uku ko huɗu suna kawo bambanci mai yawa, kuma ba cinkoso ne kaɗai dalili ba.

Sabuwar na'ura tana yawan tsayawa. Wannan ba ya nufin tana da haɗari. Akasin haka ne. An cika ta da na'urorin lura da ke sa ido kan kowace ƙofa, kowane ƙarfen kujera da tazarar da ke tsakanin kekunan da ke ɗaukar mutane, kuma da zarar ɗaya daga cikinsu ta ga abin da ba ta gane ba, sai kwamfuta ta tsayar da komai. A watannin farko injiniyoyi ba su gama daidaita su ba, don haka abu kaɗan, kamar hular da iska ta jefa kan hanya, yana iya dakatar da aiki. Idan an tsaya, wani lokacin sai an sauko da mutane, a zagaya da kekunan babu kowa a ciki, sannan a ci gaba. Babba zai iya haƙuri da wannan. Yarinya 'yar shekara huɗu da ta tsaya minti arba'in tana jira, aka ce mata an rufe, ba za ta fahimci dalili ba. Mu ma ma'aikatan a lokacin sabbi ne a wurin, muna ɗaukar lokaci wajen zaunar da mutane da duba ƙarafa, kuma duk daƙiƙar da muka ƙara a kan kowane keke tana taruwa ta zama dogon layi.

Wannan ba sabon abu ba ne a harkar. Ranar 17 ga Yulin 1955 da aka buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya, jama'a sun ninka waɗanda aka gayyata saboda tikitin jabu, kwaltar da aka shimfiɗa ba ta gama bushewa ba har tsinin takalman mata yana nutsewa a ciki, famfunan shan ruwa kuma ba sa aiki saboda yajin aikin masu gyaran famfo. A watan Yunin 2019 da Universal ta buɗe jirgin lilo mai siffar babur na Hagrid a birnin Orlando na jihar Florida, an ba da rahoton cewa wasu sun jira kusan awa goma a ranar farko, kuma a makonnin da suka biyo baya sai da aka riƙa jinkirta buɗe shi zuwa tsakar rana don a sami lokacin gyara. A shekarar 2019 ɗin ce kuma aka buɗe sashen Galaxy's Edge a Disneyland ranar 31 ga Mayu da na'ura ɗaya kacal, babbar na'urar sashen ba ta fara aiki a can ba sai 17 ga Janairun 2020. Don haka ki bincika ko sashen da za ku je ya buɗe gaba ɗayansa, domin kalmar "an buɗe" a talla ba kullum take nufin an kammala ba.

Akwai kuma abin da ba a nunawa a hoto, wato inuwa. Bishiyoyin sabon sashe ƙanana ne, ba su yi rassan da za su rufe mutum ba, kuma sau da yawa sai bayan baƙi sun yi ta ƙorafi ake ƙara rumfuna da kujeru. Toy Story Land da Baban Tagwaye ya ambata ya sha wannan sukar a lokacin da aka buɗe shi, duk da cewa don ƙananan yara aka gina shi. Jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, kuma yaron da wasa ya ɗauke wa hankali ba ya cewa yana jin ƙishirwa sai abin ya yi nisa. Idan kin ga kuncinsa ya yi zafi, ya yi shiru ba gaira ba dalili, ko kuma autan ya daɗe bai jiƙa famfas ba, ku fita daga layin ku nemi wuri mai sanyi, ko da saura mutum biyar a gabanku.

Abu na ƙarshe, ki duba ko ana shiga sashen kai tsaye ko sai an kama wuri ta manhajar waya. Wasu wuraren suna raba lokacin shiga ta manhaja, kuma guraben suna ƙarewa cikin ɗan lokaci da safe. Na sha ganin iyali sun iso da tikitin shiga babban wurin a hannu, suna zaton ya ishe su, aka mayar da su daga ƙofar sashen.

Maman Uku ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Anti. Na auna su jiya da yamma: babban yana da santimita 117, ƙanwar kuma 101 da takalmi, don haka akwai na'ura guda da take ta ɗokin hawa wadda ba za ta samu ba, kuma na riga na fara shirya zuciyarta. Game da jira kuwa, ba zai yiwu ba, saboda tikitinmu na takamaiman rana ne kuma hutun mahaifinsu ba ya ɗaguwa. Tunda zuwa ya zama dole, ina so in ji yadda za mu tsara yinin. Akwai kuma wani abin da ban ambata ba: 'yar tawa tana tsoron duhu da ƙara mai ƙarfi, kuma na ga kamar ɗaya daga cikin na'urorin da ta kai tsawon hawa a cikin rufaffen gini take.

Kakar Yara ta amsa:

'Yata, abin da kika ambata a ƙarshe shi ne ya fi kowanne muhimmanci a ganina. Sandar awo tana gaya miki ko jikin yarinya ya isa, amma ba ta gaya miki ko zuciyarta ta isa ba. Na'urorin zamani da ke cikin gini suna amfani da duhu, da manyan allunan hoto, da hayaƙi, da ƙarar da ake ji har a ƙirji, kuma yaro ɗan shekara huɗu bai gama rarrabe abin wasa da abin gaske ba. Dodon da ya leƙo daga bango, a wurinta dodo ne. Ki nemi bidiyon na'urar a intanet, domin kusan kowace sabuwa akwai waɗanda suka ɗauke ta daga farko har ƙarshe, ki fara kallo ke kaɗai, sannan ku kalla tare da ita da rana, ki bar ta ta yanke shawara. Idan ta ce a'a, to a'a ɗin ke nan. Kada mahaifinta ya ce ai an riga an biya kuɗi, kada kuma yayanta ya yi mata dariya. Yarinyar da aka tilasta wa shiga duhu da safe ba za ta yarda ta hau ko dokin katako ba har yamma. Idan ta amince, ki saya mata abin toshe kunne irin na yara mai kama da na sauraron waƙa, yana rage ƙara sosai, kuma zai yi wa autan amfani idan akwai wasan wuta da dare.

Haka ma mutanen nan da ke sanya manyan kayan kwaikwayo suna yawo ana ɗaukar hoto da su. A talabijin ƙanana ne, a fili kuwa sun fi mahaifinta tsawo, kansu ƙato, fuskarsu ba ta motsi. Jikata ta ƙanƙame ƙafata ta ɓoye fuska a zanina, ta ƙi ko kallon wanda take ta kiran sunansa a mota. Mun koma gefe muka zauna, ta yi ta leƙensa daga nesa yana rungumar wasu yara, sai can ta ɗaga masa hannu, kuma wannan ɗaga hannun ya ishe ta. Kada ki tura ta gaba don hoto.

Barcin autan kuma kada a taɓa shi. Ku tafi da keken tura yara mai rumfa wanda bayansa ke kwanciya, amma ki duba dokar girman keke, domin wasu wuraren suna da ita. Disney tun 2019 ba ta barin wanda faɗinsa ya wuce santimita 79 ko tsawonsa ya wuce 132. Ba a shiga layi da keke, ajiye shi ake yi a waje, kuma ma'aikata kan matsar da shi don gyara wuri, don haka ki ɗaura masa ƙyalle mai launi da za ki hango daga nesa. Ki ɗauki hoton kowane yaro da safe da kayan da ke jikinsa, ki rubuta lambar wayarki ki saka a aljihunsu ko ki ɗaura a hannunsu, kuma da kun shiga ki nuna musu rigar ma'aikata da bajon sunansu, ki ce idan ba su gan ki ba su tsaya inda suke su kira mai irin wannan rigar. A sabon sashe ku kanku ba ku san hanyoyin ba, kuma jama'a suna tafiya ne ido a sama suna ɗaukar hoto, ba sa ganin ƙaramin yaro a gabansu.

Baban Tagwaye ya sake amsawa:

Hajiya ta gama magana a kan tsoro, ba ni da ƙari. A kan tsarin yini ne nake so in ɗan saɓa wa Anti, duk da ta fi ni sanin cikin aikin. Zuwa a lokacin da sashe yake sabo yana da wata riba da ba a cika faɗa ba: jama'a duka suna tururuwa wuri ɗaya, sauran sassan sai su yi sauƙi. Wani lokacin ma tsoron cinkoso yana hana mutane zuwa gaba ɗaya, kamar yadda ya faru a Disneyland a tsakiyar shekarar 2019, inda aka yi ta mamakin ƙarancin jama'a bayan buɗe Galaxy's Edge. Tsofaffin na'urorin yara, irin su dokin katako mai zagaye da ƙaramin jirgin ƙasa, su ne suka fi dacewa da 'yarki da autanki, kuma a irin wannan lokacin ana iya hawansu ba tare da dogon jira ba.

Saboda haka ku isa ƙofa kafin lokacin buɗewa da kamar minti arba'in, wayoyinku cike da caji, manhajar kuma an riga an saka tikiti a cikinta tun daren jiya. Ku zaɓi na'ura ɗaya tak a sabon sashen, wadda babban ya fi so kuma ya kai tsawonta, ku nufe ta kai tsaye ba tsayawa ɗaukar hoto. Kowa ya shiga banɗaki kafin a shiga layi, har wanda ya ce ba ya ji. Ku yanke wa kanku iyaka tun a gida, misali idan allon ƙofa ya nuna jira ya wuce minti arba'in da biyar ba za ku shiga ba, kuma ku gaya wa yaron wannan iyakar don kada ya ga kamar an yaudare shi. Da kun sauko, ku ɗan zaga ku kalli adon wurin, ku fita kafin rana ta take, lokacin da cinkoso ke kaiwa maƙura.

Tsohuwar Ma'aikaciya ta ƙara da cewa:

Malam, na yarda da batun sauran sassan, gaskiya ne. Gyara ɗaya kawai zan yi a kan sammako. Sabuwar na'ura ba kullum take fara aiki a kan lokaci ba, domin idan gwajin safe bai yi daidai ba injiniyoyi ba za su miƙa mana ita ba, kuma mutanen da suka yi sammako sai su tsaya a gaban rufaffiyar ƙofa. Don haka, Maman yara, da kun shiga ki duba manhaja ko ki tambayi ma'aikacin da ke bakin sashen ko na'urar ta fara ɗaukar mutane. Idan ya ce ba ta fara ba, kada ki tambaye shi yaushe za ta fara, domin shi ma bai sani ba kuma an hana shi yin hasashe. Ku wuce tsohon sashe ku yi wasanninku, mahaifinsu ya riƙa leƙa manhajar lokaci-lokaci. Mintunan farko bayan an sake buɗe na'urar da ta tsaya su ne lokacin da layinta ya fi gajarta, saboda yawancin masu jira sun riga sun watse, kuma a lokacin shi da babban za su iya zuwa su biyu da sauri, ke kuma ki zauna a inuwa da ƙananan.